Kwas Ɗaya, Ciko Huɗu

Wani ne yake karatun akanta a wata ƙaramar kwaleji, yana lallaɓawa, ba ya sahun gaba, ba ya can ƙurya. Saura ƙiris ya gama sai kwalejin ta rufe sashensu, aka ce kowa ya kwashi takardunsa ya nemi inda za a karɓe shi. Gogan naku ya zuba nasa a leda ya nufi babbar jami'a. Aka duba, aka juya, aka ce to, an amince da duk abin da ya karanta a baya. Kwas guda tak ya rage ya ci a miƙa masa digiri, kwas ɗin ƙididdiga. Kun san shi ai, lissafin nan da ake tara maka lambobi a ce ka fitar da matsakaici, ko ka faɗi yiwuwar abin da bai ma faru ba tukuna.

Yayansa ne ke ɗauke da shi, tun daga kuɗin makaranta har na aski. Mai gyaran firji ne, shagonsa na bakin titi, firjoji a tsaitsaye wasu ba ƙofa wasu ba baya, tukunyar gas a kusurwa, wayoyi na reto ta ko'ina. Burin yayan nan guda ne a duniya, ya sayi 'yar motar ɗaukar kaya ya huta da roƙon masu haya da kinkimar firji zuwa hawa na uku. Kuɗin motar yake tarawa, kuma a jikinsu yake yankowa ya biya wa ƙanen makaranta.

Ranar da zai tafi, yayan na tsugune bayan wani firji da tocila a baki. Ya cire tocilar ya ce, "Kwas nawa ka ce?"

"Ɗaya, Yaya."

"Ɗaya ai ko da ido a rufe ka ci shi. Zango guda na ba ka. In ka gama, ka dawo ka riƙe min lissafin shago, kana zaune a inuwa fanka na kaɗa ka. In ka kasa, ka ga firjin can mai ƙofa biyu? Bayanka zai san nauyinsa."

Mutumin ya ɗaga kai ya kalli firjin, ya ga ya fi shi tsawo. Ya ce, "Yaya, ka ɗauka an gama."

Ya isa ofishin rajista. Akwai wata mata a can, tana zaune bayan gilashi mai 'yar huda, tabarau a kan karan hanci, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma sauya magana. Ɗalibai na ce mata Anti Doka, amma a bayan idonta.

Ya sunkuya ya sa baki a hudar. "Ranki ya daɗe, rajista na zo. Kwas ɗaya ne nawa, ba zan ɓata miki lokaci ba."

Ta ce, "Daga wata makaranta ka dawo nan?"

"E."

"To babu kwas ɗaya. Wanda ya canjo makaranta ba ma ba shi digirinmu sai yana cikakken ɗalibi. Cikakken ɗalibi kuwa kwas biyar yake ɗauka a zango."

"Ai ɗaya ya rage min."

"Na gani. Nemo huɗu ka cika."

"Huɗun me?"

"Duk abin da ya yi maka. Ni dai in ƙirga in ga biyar."

"In na ce ɗayan kawai nake so fa?"

"Sai ka koma layin masu ɗiba ɗai-ɗai. Rangwamen da ake yi wa irinku ya tafi. Gadonka na ɗakin kwana ya tafi. Kuɗin kwas ɗayan zai fi na biyar ɗin. Kuma ko ka ci, ba za a lissafa maka shi ba. Na baya ya matso."

Ya fito ya kira yayan a waya ya zayyana masa. Ana jin ƙarar guduma a shagon, yayan ya ce, "Tsaya. Biyar sun fi ɗaya arha?"

"Haka ta ce."

"Wace irin kasuwa ce wannan? Kwashi biyar. Ka kuma tambaye ta ko goma sun fi haka sauƙi."

To, saura zaɓen ciko. Akwai littafin da aka jera duk kwasa-kwasan jami'ar a ciki, mai kauri, ko firji aka ɗora a kai zai zauna. Da wani ne, da ya karanta. Shi gogan ya ce a'a, takarda ba ta nuna wahala, fuska ce ke nunawa. Sai ya shiga zagaya gine-gine yana leƙen ajujuwa, yana kallon fuskokin masu fitowa.

Ya je wajen masu karatun injiniya, ya ga kowa na fitowa riƙe da kai. Ya wuce. Ya je wajen masu likitanci, ya ga suna tafiya suna magana su kaɗai. Ya ƙara sauri. Masu karatun lauya kuwa ya tarar da biyu na gardama a kan wa ya kamata ya fara fita ta ƙofa, sun tare hanya. Haka ya yi ta tafiya har ƙarshen jami'ar, daf da katanga, inda ya ga wani tsohon gini a ƙarƙashin itatuwa, iska na kaɗawa.

Ya leƙa ajin farko, ba kowa, kujeru har sun yi ƙura. Ya ce, "Wannan ko zuwa ba a yi." Ya kwafi lambar da ke jikin ƙofa. Aji na biyu, rana ta fito sosai amma kowa ya kifa kai yana barci, malamin na rubutu a allo a hankali kamar mai tsoron tashinsu. Ya ce, "Allah ya yi wa wannan malami albarka." Ya kwafa. Na uku, ɗalibai na fitowa kowa da cokali a hannu yana lasa. Bai ma tsaya tunani ba. Na huɗu a waje ake yinsa, wani dattijon malami da malafa yana zaune a gindin itace, ɗalibai na kewaye da shi suna ta ƙyalƙyala dariya.

Ya koma wajen Anti Doka ya miƙa lambobin. Ta kalle su, ta kalle shi ta saman tabarau.

"Ka tabbata?"

"Na yi bincike, ranki ya daɗe."

Ta buga hatimi.

Ku saurara ku ji binciken. Ajin da ba kowa, na kiwon zuma ne. Ba a zama a aji saboda darasin a gindin amya ake yinsa, can bayan katanga. Masu barci, 'yan kwas ɗin shanun madara ne, tun duku-duku suke tashi tatsa, malamin tausayinsu yake ji. Masu lasar cokali, sarrafa madara suke koya, duk abin da suka haɗa sai sun ɗanɗana, ya yi ko ya lalace. Ranar da ya gan su, ranar sa'a ce. Na huɗun kuwa lafiyar awaki da tumaki ne, kuma dariyar da ya gani, wani bunsuru ne ya tunkuyi sabon ɗalibi. Mako na zagayowa shi aka yi wa dariyar.

Ya ruga wajen Anti Doka yana ɗingishi, ya ce a canja masa. Ta ce lokacin canji ya wuce, in kuwa ya ajiye ko guda, ya sauka daga biyar, ya san sauran. Ya tuna firji mai ƙofa biyu. Ya je ya sayi takalmin roba mai kai wa gwiwa.

Abin mamaki, wallahi, ashe nan hannunsa yake. Saniyar da ke harbin kowa, shi in ya zo sai ta tsaya cak. Bunsurun da ya tunkuye shi ya koma binsa kamar kare. Madarar da ya haɗa ba ta taɓa tsinkewa ba. Malaman sashen suka fara nuna shi ga sauran ɗalibai, ana ce masa Ciko, yana amsawa da fara'a.

Matsalar ita ce ƙididdiga. Da safe ake yinta, ana gama tatsa, kuma a ɗaya ƙarshen jami'ar. Sai ya shigo a guje da takalmin roba, yana warin garke. Kafin ya zauna layin kujerun ya watse, ya samu fili shi kaɗai, fanka a kansa. Malamin na cewa "mu ɗauki matsakaici," shi kuma ya ɗauki barci.

Jarrabawa ta matso. Ana gobe za a yi ta ƙididdiga, aka ce ranar ce ɗibar zuma. Gogan ya ga lokaci na ƙure masa, sai dabara ta zo masa. Ya yage shafin da ya rubuta ƙa'idojin lissafin, ya manna shi a cikin ragar da ake rufe fuska da ita, ta ciki, wai yana ɗibar zuma yana bita. Wajen manna takardar ya bar 'yar kafa a wuya. Ƙudan zuma kuwa ba sa buƙatar babbar ƙofa.

Washegari ya iso ɗakin jarrabawa, fuska ta yi suntum, idanu sun koma ciki, leɓe ya rufe haɓa. Mai tsaron jarrabawa ya karɓi katin shaidarsa, ya kalli hoto, ya kalle shi.

"Wannan ba kai ba ne."

"Ni ne, Malam."

"Yaron da ke hoton nan siriri ne, yana da ido biyu. Nawa ya biya ka ka zauna masa?"

"Wallahi ni ne. Zuma ce."

"Ko me ya ba ka, zuma ko kuɗi, fita."

Aka rubuta shi cikin masu zama wa wasu jarrabawa. Sai da kumburin ya saɓe ya je gaban kwamiti, suka jera shi da hoton suka yarda shi ne kansa. Suka ba shi haƙuri sosai. Jarrabawa dai ta wuce.

Ya tafi gida hutu da galan na zuma. Ya tarar da yayan a shago, matar yayan ta kawo masa abinci tana zaune a kan benci.

Yayan ya ce, "Akanta, sannu da zuwa. Yaya sakamako?"

"Alhamdulillahi, Yaya. Huɗu cikin biyar, kuma duka huɗun ni ne na ɗaya a aji."

Yayan ya washe baki, ya juya wajen matarsa. "Kin ji ko? Na gaya miki kanmu ɗaya da yaron nan." Ya ci loma biyu, sai ya tsaya da cokali a sama. "Wanne ne ɗayan?"

Gogan ya shiga gyara murfin galan.

"Na ce wanne ne ɗayan?"

"Shi ɗin ne, Yaya."

Yayan ya ajiye cokali. "Wato na aike ka sayen inji, ka dawo min da kwalinsa da ledarsa da igiyar ɗauri, ka baro injin a can."

Ran yayan ya ɓaci ƙwarai, har ya miƙe ya nuna firji mai ƙofa biyu. Matar ce ta shiga tsakani. Ta riga ta sa yatsa a galan ɗin ta lasa. Ta ce, "Haba maigida, ƙaddara ce. Kai ma ka taɓa gyara firji ya koma dafa ruwa. Ka ƙara masa zango ɗaya. Mota ba guduwa za ta yi ba."

Yayan ya yi ƙwafa, ya sake yanko kuɗin mota.

Gogan ya koma wajen Anti Doka. "Ranki ya daɗe, wannan karon dai ɗayan ne kawai, tunda na riga na yi cikon."

"Wancan cikon na wancan zangon ne. Biyar."

"To a maimaita min waɗancan huɗun, na saba da su."

"Ba a maimaita abin da aka ci. Nemo sababbi."

Ya duba ya ga yana da takalmin roba, ga shi shanun sun san shi. Sai ya koma tsohon ginin nan ya kwaso kiwon kaji, kiwon zomo, haɗa abincin dabbobi da kula da dabba mai ciki. Wannan karon ya yi karatun ƙididdiga, ba laifi. Ranar jarrabawa ya yi wanka, ya sa farar riga, ya biya ta garke wai ya gaida saniyarsa. Ya tarar tana naƙuda, ɗan maraƙin ya juyo da baya, ba kowa a wajen. Ya kalli agogo, ya kalli saniya. Saniya ta kalle shi. Ya naɗe hannun riga. Lokacin da maraƙin ya miƙe a kan ƙafafunsa, 'yan ƙididdiga na fitowa daga ɗakin jarrabawa suna tambayar juna amsar lamba ta uku.

Wannan hutun da kiret ɗin ƙwai ya je gida, da zomaye biyu. Matar yayan ta sake cewa ƙaddara ce.

Daga nan zango ya bi zango. Kullum biyar, kullum ya ci huɗu. Ya yi kifi, ya yi agwagi, ya yi ciyawar kiwo, ya yi gina garke, ya yi cututtukan kofato. Waɗanda suka shigo tare da shi suka gama suka tafi, wasu har sun dawo da 'ya'ya a kafaɗa karɓar takardunsu. Sababbin ɗalibai na ganinsa sai su rusuna su ce, "Malam, ina kwana." Masu gadi sun daina tambayarsa kati. Motar da yayan ke so kuwa, kamfanin ma ya daina ƙera irinta.

Malamin ƙididdiga ne ya fara gajiya. Mutum ne mai haƙuri, da baƙin gashi ya fara koyar da shi, yanzu furfura ta fito masa a gefe. Ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya buɗe taga saboda takalmin.

Ya ce, "Bawan Allah, tsakanina da kai ba gaba. Amma ina rufe ido ina ganinka a layin nan kai kaɗai. Me ke ba ka wahala?"

"Malam, lambobin ne ba su da fuska. A ce min wani abu ya tashi daga kaza zuwa kaza, ban san ko mene ne ba, ban san me ya ci ba."

Malamin ya yi tunani. Ya ce, "Shi ke nan. Bana duk tambayoyin jarrabawa da dabbobi zan yi su. Saboda kai. In ka faɗi wannan, to sai dai addu'a."

Ya kuwa cika alkawari. Ranar jarrabawa gogan ya iso da wuri, fuskarsa daidai da hoto, ba saniyar da ke naƙuda. Ya buɗe takarda, ya ga kaji da awaki tun daga sama har ƙasa. Sauran ɗalibai na tsaki, shi yana murmushi. Ya karɓi ƙarin takarda har sau uku. Shi ne na ƙarshen fita.

Bayan kwana biyu malamin ya aika a kira shi. Ya tarar da takardarsa a baje a kan tebur, malamin ya dafe goshi.

"Zauna. Tambaya ta farko. Na ce mai kaji ya kwashi ƙwai arba'in ran Litinin, arba'in da biyu ran Talata, goma sha biyu ran Laraba, arba'in da ɗaya ran Alhamis. Na ce ka fitar da matsakaici. Me ka rubuta?"

"Na ce ba matsakaici ake nema a nan ba, Malam. Ran Laraba wani abu ya faru. Ko ruwa ya yanke musu, ko maciji ya shiga, ko mai kwasar ƙwan yana da aljihu. A fara da aljihun."

"Shafi biyu ka yi a kan Laraba."

"Abin ne ya dame ni, Malam."

Malamin ya juya shafi. "Ta biyu. Awaki goma a garke, uku ba su da lafiya. In ka rufe ido ka kamo ɗaya, mece ce yiwuwar ka kamo marar lafiya? Amsar uku cikin goma ce. Layi ɗaya. Karanta min abin da ka rubuta."

Ya karɓa ya karanta da ƙarfinsa. "Na farko, ba a rufe ido a kama akuya, sai ta karya maka haƙarƙari. Na biyu, wane marar imani ne ya bar uku marasa lafiya cikin masu lafiya? Tun daga ranar da aka buga wannan tambaya zuwa yau, duka goman sun kamu. Saboda haka duk wadda ka kamo marar lafiya ce. A ware su yau, a wanke kwamin ruwa, a kira ni."

"Har lambar wayarka ka sa."

"Ko da za a buƙata, Malam."

Malamin ya ninke takardar. Sannan ya rage murya ya ce, "Sifiri na ba ka, don ba yadda zan yi. Amma ina da 'yan awaki a bayan gida, jiya na ware guda biyu. Ɗayar tana tari. In ka samu sarari da yamma ka biyo."

Wannan hutun gogan bai je gida ba, ya ce aiki ya yi yawa a garke. Sai ga yayan da kansa. Ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba ko yana zazzaɓi, ya sa rigarsa ta zuwa banki, ya hau motar haya ya zo. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa bayan katanga. Ya tarar da akantansa a tsugune, kan tunkiya a cinyarsa, yana ɗura mata magani.

Yayan bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata gogan ke nan. Cewa ya yi, "Wanke hannunka. Mu je a cire sunanka. Akwai firji uku da ke jiranka, ɗaya a hawa na huɗu, kuma benen ba shi da faɗi."

"Yaya, zango ɗaya kawai..."

"Bayana ya ƙare, gwiwata ta ƙare, kuɗin mota sun ƙare. Matata ma ta ce ta gaji da zuma. Wuce mu je."

Suka tafi, yayan a gaba, shi a baya yana jan takalmin roba, idonsa ya ciko da ƙwalla. Bunsurun ya raka su har bakin katanga.

A ofishin rajista yayan ya sunkuya ya sa baki a hudar gilashi. "Baiwar Allah, sannu da aiki. Ni ne mai biya. Na zo a sallamar min yaron nan."

Anti Doka ta danna kwamfuta, ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Duk zaman da gogan ya yi a jami'ar bai taɓa ganin ta yi haka ba.

Ta ce, "Malam, kafin a sallame shi, akwai magana. Ƙanenka ya gama digiri."

Yayan ya ce, "Ya ci ƙididdigar?"

"A'a. Wannan har yanzu yana nan. Amma cikon da yake ta kwasa, ya cinye duk kwasa-kwasan sashen kiwon dabbobi, tun daga na farko har na ƙarshe. Ba wanda ya rage. Kuma tunda aka buɗe sashen ba a taɓa samun mai makinsa ba."

Yayan ya juya ya kalli ƙanen, daga takalmi har kai. Fuskarsa ta fara sakewa. Ya ce, "Ikon Allah. To ai shi ke nan. Digiri digiri ne. Lissafin shago na ci gaba da yi da kaina. Miƙo mana wannan ɗin, mu kama hanya kafin rana ta yi."

"Ba zai yiwu ba."

"Saboda me?"

"A sashen akanta sunansa yake. Kafin a ba shi na kiwo, sai ya canja sashe."

"A canja masa yanzu. Ina zan sa hannu?"

"Za a canja. Sai dai wanda ya canja sashe, dokarsa ɗaya da wanda ya canjo makaranta. Sai ya yi zango biyu a sabon sashen yana cikakken ɗalibi."

Yayan ya dafa bango. "Cikakke. Wato biyar."

"Biyar biyar."

"Baiwar Allah, yanzu kika ce ya cinye musu kwas duka. Me zai karanta?"

"Sai ya nemo ciko a wasu sassan. Guda tara."

"Biyar da biyar ai goma ne."

"Na goman ba ciko ba ne, dole ne. Su ma 'yan kiwo ba a sallamarsu sai sun ci ƙididdiga. Bara aka sa dokar."

Gogan, da ke tsaye a baya, ya matso a hankali ya taɓa hannun rigar yayan. Ya ce, "Yaya, kar ka damu da cikon. Na taɓa leƙa wani gini can wajen filin wasa, na ga suna fitowa suna ta murna, kowa da tawul a wuya."

Yayan bai ko waiwaye shi ba. Ya gyara tsayuwa, ya sake sa baki a hudar gilashin, ya yi ƙasa da murya irin ta mai neman ragi a kasuwa.

Ya ce, "Baiwar Allah, tsakaninki da Allah, nawa za ku sayar min da jami'ar gaba ɗaya? Don ina jin na riga na biya fiye da rabi."